Matsayin Bashi a Harkar Zuba Jari a Gine-gine: Misalai Daga Birnin New York

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya lura da yadda ake cinikin manyan gine-gine a biranen duniya zai tarar da wani abu da ya zama ruwan dare, watau da wuya a ga wanda ya sayi dogon bene ko rukunin gidajen haya da kuɗin aljihunsa zalla, ko da kuwa yana da halin yin haka. Galibi mai saye yakan kawo wani ɗan kaso na kuɗin, sauran kuwa ya ranto daga banki, ya jinginar da ginin. Wannan ba alamar rashi ba ce, dabara ce ta neman riba, kuma attajirai sun fi talakawa amfani da ita.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda wannan dabara take aiki, da inda take amfani, da kuma inda take kayar da mai ita. Ra'ayin da za mu yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, bashi ba ya haifar da riba daga babu. Iyakar abin da yake yi shi ne ya ninka tazarar da ke tsakanin abin da gini yake kawowa da abin da bashin yake ci, ko tazarar ta alheri ce ko ta hasara. Sa'an nan kuma, daga cikin sharuɗɗan da ake gindaya wa bashi, muna ganin wa'adin biya shi ne ya fi raba wanda zai tsira da wanda zai karye. Mun ɗauko mafi yawan misalanmu daga birnin New York na Amurka, domin manyan cinikayyar da aka yi a can an bayyana alƙalumansu a kotuna da jaridu, saboda haka ana iya bin sawunsu daga farko har ƙarshe.

2.0 KALMOMIN DA ZA A YI AMFANI DA SU

Hausa ta bambanta aro da rance da bashi. Aro shi ne abin da za a mayar da shi shi kansa, kamar gatari ko riga. Rance kuwa abin da za a mayar da kwatankwacinsa ne, kamar kuɗi ko hatsi. Bashi shi ne nauyin da ya hau wuyan mutum, ko ta hanyar rance ko ta hanyar ciniki.

Kalmar da ta fi bukatar a tsaya a kanta ita ce jingina. Bahaushe ya san jingina tun kafin zuwan banki, kuma Polly Hill ta yi bayaninta a littafinta na 1972 game da ƙauyen Batagarawa da ke kusa da Katsina. A jinginar gona, mai kuɗi ne yake karɓar gonar ya riƙa nomawa har ranar da mai ita ya kawo kuɗi ya fanshe ta. Amfanin gonar shi ne ladan mai kuɗi, kuma galibi ba a yanke wata rana da za a ce idan ta wuce gonar ta salwanta. Jinginar banki kusan akasin haka take. Kadarar tana nan a hannun wanda ya ci bashi, shi yake zaune a ciki ko yake karɓar haya, takardar mallaka kaɗai ke hannun banki. Amma fa akwai kuɗin ruwa, akwai kuma wa'adi, wanda idan aka saɓa masa banki yana da ikon yin gwanjon kadarar. Wannan bambanci na wa'adi shi ne ginshiƙin dukkan abin da zai biyo baya.

Abin da mai saye ya zuba daga aljihunsa za mu kira shi jarin kai. Ita kuwa dabarar mallakar babbar kadara da ɗan ƙaramin jarin kai, Turawa sun ara mata sunan sandar ƙarfen nan da ake cusawa ƙarƙashin dutse a ɗaga abin da ya fi ƙarfin hannu. Mu a nan za mu kira ta ƙarfin aro, kuma ana auna shi ta duba sau nawa darajar kadara ta ninka jarin kai. Wanda ya sa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin gini, ƙarfin aronsa ninki huɗu ne.

Wani abin lura kuma, duk inda muka ce riba muna nufin ma'anarta ta Hausa, watau amfanin da aka samu a kan uwar kuɗi ta hanyar ciniki. Abin da kalmar take nufi a Larabci da littattafan fiƙihu, shi ne muke kira ruwa ko kuɗin ruwa.

3.0 LISSAFIN ƘARFIN ARO

Mu ƙaddara akwai wani gini wanda kuɗinsa dala 1,000,000 ne, kuma bayan an cire haraji da kuɗin gyare-gyare da ladan masu kula da shi, hayarsa tana barin dala 80,000 a shekara. Ribar ginin ke nan kashi 8 cikin 100. Wanda ya saye shi da kuɗinsa zalla abin da zai samu ke nan, ba ƙari ba ragi.

To, sai wani ya kawo dala 250,000 kacal, ya ranto dala 750,000 a kan ruwa kashi 6 cikin 100. Ruwan shekara zai kama dala 45,000, abin da zai rage masa daga haya dala 35,000 ne. Ga ido sai a ce ya samu ƙasa da na farko, amma idan aka auna da abin da ya zuba za a ga ribarsa ta kai kashi 14 cikin 100. Hasali ma, da a ce shi ma yana da dala miliyan ɗaya, zai iya sayen irin wannan gini har guda huɗu, ya riƙa samun dala 140,000 a shekara, alhali kuwa na farko yana samun 80,000. Ana iya rubuta wannan a matsayin ƙa'ida kamar haka:

Ribar jarin kai = ribar gini + (bashi ÷ jarin kai) × (ribar gini − ruwan bashi)

A misalinmu bashi ya ninka jarin kai sau uku, tazarar da ke tsakanin 8 da 6 kuwa 2 ce, saboda haka 8 a tara da 6 ya ba da 14. Amma ƙa'idar ba ta san so ko ƙi ba. Idan ruwa ya koma kashi 10, tazarar ta juye, ribar jarin kai ta sauko zuwa kashi 2. Idan ya kai kashi 12, ruwan shekara zai zama dala 90,000, watau mai gini zai riƙa cika dala 10,000 daga aljihunsa kowace shekara a kan ginin da ke cike da 'yan haya. Ginin bai sake ba, 'yan haya ba su fasa biya ba, abin da ya sake kawai shi ne farashin bashi.

Haka abin yake ta fuskar darajar ginin. Idan farashinsa ya tashi da kashi 10 cikin 100, ƙarin dala 100,000 ɗin duk na mai gini ne, domin banki ba ya da rabo a ciki, sai ya zamana ya ci ribar kashi 40 a kan jarin kansa. Idan kuwa farashin ya faɗi da kashi 25, jarin kansa ya ƙare ƙaf, banki kuma yana nan yana bin dala 750,000 cif. Wanda ya sa kashi 5 kacal a matsayin kafin alƙalami, faɗuwar kashi 5 ta isa ta share shi.

Akwai dalilan da suka sa gine-gine suka fi sauran dukiya jawo bashi. Gini ba ya gudu, ba a ɓoye shi, kuma akwai takardar mallaka da hukuma ta yi wa rajista, don haka hankalin mai ba da rance yakan kwanta. Haya tana shigowa a kai a kai, ana iya lissafa ta tun kafin ta zo. A Amurka kuma doka ta yarda mai gidan haya ya cire ruwan bashi daga cikin kuɗin shigar da za a yanka masa haraji a kai. Daɗin daɗawa, hauhawar farashi abokiyar mai cin bashi ce muddin ruwan da aka yanka masa tsayayye ne, domin haya tana tashi tare da farashin kaya, bashin kuwa yana nan a adadinsa na ranar farko.

Bankuna sukan auna abu biyu kafin su ba da irin wannan rance. Na farko, kashi nawa ne bashin a cikin darajar gini. Na biyu, sau nawa hayar shekara ta ninka abin da za a biya banki a shekara, kuma da yawansu suna so haya ta ɗara biyan da kamar kashi ɗaya cikin biyar ko cikin huɗu. A ganinmu ma'auni na biyu ya fi na farko gaskiya, tun da yake daraja ƙiyasi ce ta dillalai da masu kimanta kadara, haya kuwa kuɗi ce da ake ƙirgawa.

Abin da ƙa'idar da ke sama ba ta nuna ba shi ne lokaci. Faɗuwar darajar gini hasara ce a takarda kawai har sai ranar da aka tilasta wa mai shi ya sayar. Muddin haya tana biyan ruwa, kuma wa'adin uwar kuɗi bai cika ba, mai gini yana iya haƙuri har kasuwa ta farfaɗo. Wanda wa'adinsa ya cika a tsakiyar faɗuwar kasuwa ba shi da wannan dama.

4.0 YADDA AMURKA TA TSAWAITA WA'ADI

Kafin shekarun 1930 bashin gida a Amurka gajere ne. Galibi akan ba da shi na shekara biyar zuwa goma, bai cika wuce rabin darajar gida ba, kuma a yawancin yarjejeniyoyin ruwa ake biya, uwar kuɗi kuwa sai ranar ƙarshe a biya ta a dunƙule. Da yake mutane kaɗan ne ke iya tara irin wannan kuɗi, al'adar ita ce idan wa'adi ya cika a sabunta bashin. Da tattalin arziki ya karye daga 1929, bankuna suka ƙi sabuntawa, farashin gidaje ya faɗi, aka shiga ƙwace gidaje. A 1933 an ƙiyasta ana ƙwace wajen gida 1,000 a kowace rana. Abin lura a nan shi ne, ƙarfin aron waɗannan mutane bai taka kara ya karya ba, ninki biyu ne kawai. Gajeren wa'adi ne ya haɗu da rashin aikin yi ya kayar da su.

Gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa wata hukuma a 1933, wadda ake taƙaita sunanta da HOLC, ta sayi basussukan gidaje kimanin miliyan ɗaya ta mayar da su na shekara 15, ana biyan ruwa da uwar kuɗi tare kaɗan kaɗan kowane wata. A 1934 aka kafa hukumar gidaje ta tarayya mai tsaya wa masu cin bashi, a 1938 kuma aka kafa Fannie Mae domin sayen basussukan daga bankuna. Daga nan ne sannu a hankali aka kai ga bashin shekara 30 mai tsayayyen ruwa, wanda har yau shi ne aka fi amfani da shi a ƙasar. Yawan iyalan da suka mallaki gidan kansu ya tashi daga kusan kashi 44 cikin 100 a 1940 zuwa kusan kashi 62 a 1960. An ƙara yawan bashin da ake ba mutum, amma haɗarinsa ya ragu, saboda an cire ranar nan guda ta biya a dunƙule.

Sai dai wannan gata na masu gidan zama ne. Masu manyan gine-ginen kasuwanci har yanzu galibi bashin shekara biyar zuwa goma suke ci, wani lokaci ƙasa da haka, da uwar kuɗi a ƙarshe. Watau suna nan a irin matsayin da magidantan Amurka suke kafin 1933.

5.0 MISALAI DAGA NEW YORK

5.1 'Yan gidan Reichmann

A 1975 saura ƙiris gwamnatin birnin New York ta kasa biyan basussukanta. Kamfanoni suna ƙaura, ofisoshi suna zama fayau, masu gine-gine suna neman kai da su. A cikin wannan hali ne, a 1977, wani kamfani na birnin Toronto a Kanada mai suna Olympia and York, mallakar 'yan'uwa uku 'yan gidan Reichmann, ya sayi dogayen benaye takwas a tsibirin Manhattan a kan kimanin dala miliyan 320. Mafi yawan wannan kuɗi ba su biya shi da hannu ba, tsofaffin basussukan da ke kan gine-ginen suka gada. Ba a daɗe ba birnin ya farfaɗo, hayar ofis ta yi tashin gwauron zabi, hauhawar farashi ta ƙarshen shekarun 1970 kuma ta rage nauyin bashin da suka gada. Kafin ƙarshen shekarun 1980 an ƙiyasta darajar gine-ginen ta ninka wajen sau goma. Tun da jarin kansu ɗan kaso ne na kuɗin, ribarsu ta ninka fiye da haka nesa ba kusa ba. Wannan ita ce kyakkyawar fuskar ƙarfin aro, kuma duk sharuɗɗanta sun cika: an saya da arha, haya tana biyan ruwa, babu mai matsa musu su sayar.

Waɗannan gine-gine da wasu irinsu su ne suka zama jinginar da kamfanin ya riƙa ciwo sababbin basussuka da ita. A 1987 ya karɓi aikin gina sabuwar unguwar ofisoshi a Canary Wharf, tsohuwar tashar jiragen ruwa a gabashin Landan. Nan lissafi ya sha bamban da na 1977. Ginin da ba a gama ba ba ya kawo haya ko ta kwabo, amma ruwan bashinsa yana tafiya dare da rana. A watan Oktoba na 1989 ruwan babban bankin Ingila ya kai kashi 15 cikin 100. An gina ofisoshi da yawa a tsohon tsakiyar Landan a daidai wannan lokaci, hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka yi alkawarin kaiwa unguwar kuwa ba a buɗe ta ba sai 1999. Da aka gama babban benen a 1991, wanda ya fi kowane gini tsawo a Ingila a lokacin, sai aka rasa isassun 'yan haya.

Duk da haka, abin da ya fara tsinkewa shi ne wani ɓangare na bashin kamfanin wanda aka ci ta hanyar takardun rance na 'yan watanni, waɗanda aka saba sabuntawa duk sa'ad da suka cika. A farkon 1992 masu riƙe da takardun suka tsorata, suka ce a ba su kuɗinsu. Ba a sayar da bene mai hawa hamsin cikin mako guda. A watan Mayu na 1992 kamfanin ya nemi kariyar kotu, ana binsa bashin kimanin dala biliyan 20, Canary Wharf kuma ta koma hannun bankuna. Abin mamaki shi ne, hangen nesan nasu bai yi kuskure ba, domin daga baya unguwar ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin hada-hadar kuɗi na Turai. Shi kansa Paul Reichmann ya dawo a 1995 tare da wasu masu jari suka sake sayenta a kan kimanin fam miliyan 800. Aikin da ke bukatar shekara goma ko fiye kafin ya tsaya da ƙafarsa ne aka ɗora wani sashe nasa a kan bashin 'yan watanni.

5.2 Stuyvesant Town

Wannan rukunin gidajen haya ne, haɗe da maƙwabcinsa Peter Cooper Village, mai ɗauke da mazauni sama da 11,000, wanda kamfanin inshora na Metropolitan Life ya gina a Manhattan bayan Yaƙin Duniya na Biyu domin masu matsakaicin hali. A 2006 kamfanonin Tishman Speyer da BlackRock suka saye shi a kan dala biliyan 5.4. Bashin da aka ɗora masa ya kai dala biliyan 4.4, biliyan 3 na jingina ta farko, sauran kuma na masu bin baya.

Tun ranar da aka sa hannu hayar da ake karɓa ba ta isa biyan ruwan bashin ba. Idan muka koma ga ƙa'idarmu, tazarar a juye take tun farko. Masu sayen sun san da haka, shi ya sa suka ware ɗaruruwan miliyoyin dala a wani asusu domin cike giɓin. Dogaronsu shi ne, mafi yawan gidajen suna ƙarƙashin dokar ƙayyade haya, su kuwa suna sa ran za su fitar da su daga ƙarƙashin dokar da sauri, su ɗora musu hayar kasuwa. 'Yan haya ba su tashi da saurin da aka zata ba. A watan Oktoba na 2009 kuma babbar kotun jihar New York ta yanke hukunci cewa bai halatta a cire gidajen daga dokar ba alhali masu su suna cin moriyar wani rangwamen haraji na birnin. Asusun ya ƙare. A watan Janairu na 2010 suka kasa biya, suka miƙa gidajen ga masu bin bashi, a lokacin da ake kimanta darajarsu ƙasa da dala biliyan 2.

A 2015 aka sake sayar da rukunin ga kamfanin Blackstone da abokin tarayyarsa a kan kimanin dala biliyan 5.3, watau kusan farashin 2006. Da a ce da jarin kai aka saye shi, da mai shi ya ci hayar shekara tara kuma ya mayar da uwar kuɗinsa.

5.3 Harry Macklowe

Misali na uku gajere ne, kamar yadda wa'adinsa ya kasance gajere. A watan Fabrairu na 2007 wannan attajiri ya sayi benayen ofis bakwai a Manhattan a kan kusan dala biliyan 7, alhali abin da ya sa daga aljihunsa kimanin dala miliyan 50 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin 100. Sauran rance ne na shekara guda, bisa niyyar zai maye gurbinsa da bashi mai dogon wa'adi kafin ya cika. A tsakiyar 2007 kasuwar rance ta tsuke, da Fabrairun 2008 ta zo bai sami mai ba shi ba. Ya rasa benayen bakwai. Da yake kuma ya tsaya wa wani sashe na bashin da kansa, tilas ta sa ya rabu da ginin General Motors, wanda shi ne mafi daraja a cikin dukiyarsa, a wannan shekara.

6.0 WA YAKE ƊAUKAR HASARA?

Kwatanta misalai biyun ƙarshe yana fito da wani sharaɗi da ba a cika kula da shi ba. Akwai bashin da iyakarsa kadarar da aka jinginar, idan an kasa biya a miƙa makulli a tafi. Akwai kuma wanda mai bi yake da ikon bin sauran dukiyar mutum. Macklowe ya shiga iri na biyu, masu Stuyvesant Town kuwa iri na farko suka ci, don haka sauran gine-ginensu ba su taɓu ba. Babbar hasarar ta faɗa kan waɗanda suka zuba musu jari, cikinsu har da asusun fansho na ma'aikatan jihar California, wanda ya yi asarar dala miliyan 500, da na jihar Florida, wanda ya yi asarar miliyan 250. Mai shirya ciniki wanda ya sa kuɗi kaɗan, wanda zai ci babban rabo idan an dace, kuma zai tashi ya kakkaɓe rigarsa idan ba a dace ba, ba abin da zai hana shi son bashi mai yawa. Wannan, a ganinmu, matsala ce ta tsarin yarjejeniya kafin ta zama ta halin mutum.

Magidanta ma ba su tsira ba a wannan zamani. A farkon shekarun 2000 an yawaita ba da bashin gida da kafin alƙalami kaɗan ko babu, da ruwa mai sauƙi na shekara biyu ko uku wanda daga nan zai tashi. Wannan komawa ce ga gajeren wa'adi ta bayan gida, domin mai bashin ya dogara ne ga sabuntawa. Tsakanin 2006 da 2012 farashin gidaje a Amurka ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma a wajajen 2010 gidaje kimanin miliyan 11 bashin da ke kansu ya fi darajarsu.

7.0 INDA BA A CIN RUWA, DA INDA RUWA YA YI TSADA

Mai yiwuwa wasu daga cikin mahalarta su ce duk wannan illar kuɗin ruwa ce, saboda haka ba ta shafi yarjejeniyoyin da aka tsara bisa tafarkin Musulunci ba. Hukuncin ruwa batu ne na malaman fiƙihu, ba shi muke tattaunawa ba. Ta fuskar lissafi kuwa, duk inda aka ɗora wa mai gini biyan ƙayyadadden kuɗi a ƙayyadaddiyar rana, ko da sunan haya ne ko da sunan ciniki na jinkiri, to ƙarfin aro yana nan da fuskokinsa biyu. Abin da ya faru a Dubai shaida ne. Kamfanin gine-gine na Nakheel yana da takardun sukuk na kimanin dala biliyan 3.5 waɗanda wa'adinsu zai cika ranar 14 ga Disamba 2009, a daidai lokacin da farashin gidaje a birnin ya faɗi da kusan rabi. A ƙarshen Nuwamba uwar kamfanin, Dubai World, ta nemi a jinkirta mata biyan basussuka na wata shida, kuma ba a biya sukuk ɗin ba sai da gwamnatin Abu Dhabi ta kawo ɗauki na dala biliyan 10. Tarayya ta haƙiƙa, wadda mai kuɗi yake raba riba da hasara da mai gini, ita kaɗai ce ta fita daga wannan lissafi.

A Nijeriya kuwa ƙa'idar tamu tana bayyana dalilin da ya sa bashin gida bai yaɗu ba. An kafa Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya a 1977, aka kuma kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a 1992, wanda aka tsara ma'aikaci zai riƙa zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, ya sami damar rance mai ruwa kashi 6 har tsawon shekara 30. Wannan domin gidan zama ne, kuma kaɗan ne daga cikin masu bukata suke kaiwa gare shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin a jinginar da filin da ke da takardar izinin mallaka ta jiha, abin da ke ƙara tsawon lokaci da tsadar jingina. Mai son gina gidan haya da bashin bankin kasuwanci kuwa, ya tuna cewa a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100. Mu ƙaddara gini yana kawo kashi 10, an kuma ranto rabin kuɗinsa kawai a kan kashi 28. Sakamakon shi ne hasarar kashi 8 cikin 100 a kan jarin kai kowace shekara, sai fa idan tashin farashin ginin ya cike giɓin ranar da aka sayar.

Wannan ne ya sa galibin masu gini a biranenmu suke yinsa sannu a hankali, bana harsashi, baɗi bulo zuwa linta, wata shekarar rufi. Amma ba za a ce babu ƙarfin aro a harkar ba, masu ba da rancen ne suka sake. Mai gidan da ya karɓi hayar shekara guda ko biyu a dunƙule ya ƙarasa wani gini da ita, rance ya ci daga ɗan haya ba tare da ruwa ba. Haka kuma kamfanin da ya karɓi kafin alƙalami daga masu sayen gidan da ba a gina ba tukuna, da kuɗinsu yake gini, wa'adinsa kuwa ranar da ya yi alkawarin miƙa makulli. Idan farashin siminti da rodi ya ninka kafin wannan rana, kamfanin ne ya ci moriyar ƙarfin aro, masu sayen kuwa su ne a matsayin banki, alhali ba su riƙe da takardar jinginar da za su kai kotu a yi musu gwanjon fili.